Gefen da Baba Ba Ya Gani

A tsaye nake rubuta muku wannan, a waya, a bakin ƙofar ɗakin tiyata. In kun ga wani harafi ya tsere min ku yi haƙuri. Ku da kuke ta turo saƙo kuna tambayar ina aka kwana a maganata da Injiniya, yau zan juye muku komai, ko abin da ya tokare min ƙirji ya ɗan sauka.

Wanda bai san Injiniya ba kada ya zaci wani mai ofis ne da mota. Gyaran fanka da firji yake yi a wani ɗan shago da bai fi ɗakin girkinmu girma ba. Ni na laƙaba masa sunan, haka kuma na ajiye shi a wayata. A gidanmu Mai Fanka ake ce masa. Dogo ne siriri, muryarsa can ƙasa-ƙasa, in yana magana sai ka matso da kunne. Kunya kuwa ba a magana. Mun daɗe tare kafin ya iya kallon tsakiyar idona, shi ma sai da na ce masa, "Malam, ni fa ba a cikin takalmina nake ba, ga ni nan sama."

Babana tela ne. Uwata yake ce min, don sunan mahaifiyarsa aka sa min. Ranar da Injiniya ya fara zuwa gaishe shi, ni da Umma muna laɓe a bayan labule muna jiran ruwan tambayoyi, amma Baba bai tambaye shi komai ba sai sunan mahaifinsa. Ya dai ƙare masa kallo, ya ga aljihun rigarsa a yage, sai ya zaro tef ɗin awon da ke rataye a wuyansa.

"Tashi tsaye."

Ya auna kafaɗa, ya auna hannu, ya auna wuya. Injiniya sai zufa yake kamar wanda aka kama da kayan sata.

"Wanda zai ɗauki uwata ba zai yi yawo da yagaggen aljihu ba," in ji Baba. "Rigar da za ka sa ranar, ni zan ɗinka."

Umma ta matse min hannu har sai da na ji zafi. Amincewar Baba ke nan, shi ba ya dogon bayani.

Ciwon Baba da ciwon kai ya fara, irin wanda ke tashin sa da sassafe, ya zauna a bakin gado ya riƙe kai da hannu biyu. Sai amai ya biyo baya, alhali ko ruwa bai sa a cikinsa ba. Muka ce zazzaɓi ne, muka ce hawan jini ne, Umma ta ce zaman keken ɗinki ne ya yi masa yawa. Sai ya fara jin ƙauri. Muna zaune lafiya zai zabura ya ce, "Wa ya bar dutsen guga a kan kaya?" Mu bazama ɗaki-ɗaki muna shinshine-shinshine, ba abin da ke ƙonewa. Kafaɗarsa ta hagu kullum sai ta daki ƙyauren ƙofa, har ya ce a kira kafinta, ƙofar ta tsuke. Muka yi ta dariya. Allah ya sani mun yi dariya.

Daga nan masu kaya suka fara dawo da ɗinki. Wannan riga aljihu ɗaya, waccan hannu ɗaya ba a kalmashe ba. Mutumin da tun kafin a haife ni ba a taɓa dawo masa da ɗinki ba. Amma abin da ya fi ci min rai shi ne halinsa. Baban da ko kaza ba ya iya yi wa tsawa ya koma mafaɗaci. Wata rana ya yi jifa da kofi saboda cokali ya yi ƙara a ciki, saura kaɗan ya sami Umma. Bayan nan ya zauna shiru yana kallon hannunsa kamar na wani ne aka ara masa.

Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a shago yana jijjiga, maƙwabta suka kai shi asibiti, aka ɗauki hoton kansa. Likitar, wata mace mai gilashi da ba ta iya ɓoye-ɓoye ba, ta nuna mana wani farin abu kamar ƙwai a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwarsa. Ƙari ne, in ji ta. Za a ba shi magani kumburin ya sauka, sannan a yi tiyata. Ta yi bayani mai tsawo, tana nuna nan tana nuna can, amma ni tun daga kalmar ƙari kunnuwana suka toshe. Umma ma kai kawai take gyaɗawa.

Aka rufe shago, aka kawo keken gida aka lulluɓe shi da tsohon zanin gado. Gidanmu mai hayaniya ya koma kamar ba kowa. Haske yana soka masa ido, muka sauke labule. Ƙara tana tsaga masa kai, muka kashe rediyo, muka koma tafiya a kan yatsu. Maganin ya kumbura masa fuska. Da safe zai aske gemu ya bar rabi, ya ce ya gama. Zai zura hannun dama a riga ya zauna, ɗaya hannun rigar yana reto a bayansa. Abinci kuwa kullum sai ya rage rabi. Duk muka ɗora wa rashin ƙarfi da rashin jin daɗin baki.

Ɗakin akwai zafi, fankar sama kuma ta daɗe da mutuwa. Ranar da Umma ta kai Baba ganin likita, Injiniya ya zo da tsaninsa ya gyara ta. Ya sauko ya dubi gadon ya ce, "Iskar ba za ta same shi a can ba. Kama mu juya shi." Muka ja gadon zuwa ƙarƙashin fanka. Ƙofar ɗaki ta koma hagun Baba, taga da kujerar Umma suka koma damansa. Ku riƙe wannan, don ni a lokacin ban ɗauke shi bakin komai ba.

Kullum da yamma in ya rufe shago sai ya zo. Ya wanke baƙin man hannunsa, ya canja riga, ya riƙo ledar lemu ko ayaba. Ni iyakata in raka shi bakin ƙofar Baba in tsere ɗakin girki, don wace mara kunya ce za ta zauna tsakanin babanta da saurayinta? Umma ma fitowa take ta ba su wuri. In ya fito in tare shi a tsakar gida.

"Ya ka gan shi?"

"Da sauƙi. Yana hutawa."

Ya yi ɗan murmushin nan nasa ya tafi. Kafin ya kai bakin titi saƙo ya shigo: "Ranki ya daɗe, kin ci abinci kuwa? Na ga wuyanki ya ƙara tsawo." In rubuta masa, "Mai dogon wuya ke faɗa." Wannan ɗan wasan ne kaɗai dariyar da ta rage min a kwanakin.

Wata safiya ina zaune a kujerar Umma ina sa wa Baba maɓallin riga, sai ya ce, "Uwata, yaron nan naki lafiya yake kuwa?"

"Lafiya lau, Baba."

"To madalla. Na ɗauka ko mutuwa ya yi ba a gaya min ba."

Na ɗago na dube shi.

"Tun da na kwanta, ko leƙe. Ni da na auna shi da hannuna."

"Baba, jiya ma ya zo. Shi ya kawo lemun nan."

"Ya aiko dai."

"Wallahi har cikin ɗakin nan ya shigo. Kullum yana zuwa."

Fuskarsa ta canja. "Ƙarya za ki yi min saboda ɗa namiji? Ni?"

Umma ta shigo da sauri ta ce gaskiya nake faɗa, ita ma shaida ce. Ya ce mun haɗa baki, mun ga ya kwanta muna so mu mayar da shi mahaukaci. Ya yi ta faɗa har ciwon kan ya taso, muka yi shiru don dole.

Na shige ɗakina na rubuta wa Injiniya: "Baba ya ce wai ba ka taɓa zuwa duba shi ba. Ina jin mantuwa ce ta fara kama shi."

Ya karanta. Na ga alamar yana rubutu, ya goge, ya sake, ya goge. Can sai ga saƙon murya. Na manna wayar a kunne.

"Haka ya ce? To. Ban so in gaya miki ba, don kada in ƙara miki damuwa. Ba mantuwa ba ce. In na shiga ina durƙusawa ne a bakin ƙofa, nan wajen takalma. In gaishe shi, bai taɓa amsawa ba. Idonsa biyu fa. Wani lokacin sai ya juya min ƙeya ya dubi taga ya ce, wa ke magana a waje? In zauna in zauna, in yi masa addu'a in fito. Na ce ko ciwo ne. Amma ina jin sa yana hira da Umma tiryan-tiryan in na fita. Yanzu kuma ya ce ban zo ba. Na gane. Babba ba sai ya kore ka da baki ba."

Na kira, bai ɗauka ba. Na rubuta, "Me ya hana ka matsa kusa da shi?"

"In tsallaka gaban gadonsa in hau kujerar Umma? Haba dai."

Sai wani saƙon ya biyo: "Mahaifiyata ta ce in ja jiki, kada in zame wa mara lafiya ƙarin ciwo. Ki yi haƙuri. Ina yi masa addu'a daga nan."

Daga ranar bai sake zuwa ba. Na rasa wa zan ji wa haushi. Shi da shegiyar kunyarsa, ko Baban da ya juya masa ƙeya? Har na fara tunanin ko da gangan Baba yake yi, ko ya canja shawara ne yana neman hanyar zamewa. Na yi kuka har filona ya jiƙe, na juya shi na ci gaba.

Ana cikin haka Gwaggo ta sauka, yayar Baba, da ƙatuwar jakarta da carbinta da bakinta. Ita dama tun farko ba ta ga abin so a Mai Fanka ba. Ta karɓe kujerar dama ta kafa sansani. Umma ta yi ƙoƙarin yi mata bayani, ta ɗaga hannu.

"Ɗan'uwana ciwon kai yake, ba hauka ba. In ya ce yaro bai zo ba, bai zo ba. Ni ɗin nan tun da na sauka na ga ko inuwarsa?"

Me zan ce? Ba ta gani ba ɗin.

A gabanta Baba ya sa aka kira ni. Na zagaya na durƙusa kusa da ƙafar Gwaggo. Ya ce, "Maganar yaron nan na janye ta. Wanda bai dube ni ina kwance ba, ba zai dube ki ba ranar da kika kwanta. Ko bayan raina ban yarda ba."

Ko bayan raina. Kun san nauyin wannan maganar a bakin uba, ballantana uban da ake shirin fasa wa kai. Gwaggo ta ce, "Na shaida." Ni kuwa na ce, "Baba, wannan ba kai ba ne. Babana ba ya zalunci." Na tashi na fita, Gwaggo tana salati a bayana.

Daga nan na ɗauki fushi. Aikina ban fasa ba, ni ke dafa masa abinci, ni ke wanke masa kaya, ni ke jera magungunan. Amma na daina zagayawa wajen kujera. In na kawo abinci sai in tsaya daga bakin ƙofa in miƙa wa Gwaggo, in ce "Sannu, Baba" a ciki-ciki, in juya. Bai taɓa amsawa ba. Na ce a raina, to, shi ma fushin yake, mu zuba mu gani.

Jiya da rana Gwaggo ta shiga wanka, na leƙa ɗauko faranti. Yana kan cinyar Baba. Shinkafar ya cinye rabi, ya bar rabi, a miƙe sak kamar an sa wuƙa an raba. Yana ta kankare wajen da ba komai da cokali, yana mita shi kaɗai.

"Da yunwa za su kashe ni a gidan nan. Ɗan wannan abincin me zai yi wa mutum?"

Daga inda nake tsaye na ce, "Baba, ai ga saura nan da yawa."

Ya ɗaga kai. Ya juya min ƙeya. Ya dubi taga.

"Wa ke magana a waje?"

Maganar da Injiniya ya faɗa ce, ko wasali bai canja ba. Na dubi inda nake tsaye, wajen takalma ne. Na matsa a hankali na miƙa hannu na juya farantin, cikakken gefen ya koma damansa. Bai ga hannuna ba. Ya dubi shinkafar, fuskarsa ta washe.

"Yauwa, an ƙaro. Allah ya yi albarka."

Sai komai ya dawo min lokaci guda. Kafaɗar da ke dukan ƙofa, rabin gemu, hannun rigar da ke reto, aljihu ɗaya. Babana ba ƙarya yake ba, Injiniya ma ba ƙarya yake ba. Yaron nan ya yi ta zuwa yana durƙusawa a gefen da babu shi a duniyar Baba. Ni ma duk kwanakin fushin nan a wannan gefen nake tsayawa.

Na ɗaga ƙafa zan zagaya in faɗa jikinsa, sai ya saki cokalin ya ce, "Wa ya bar dutsen guga a kan..." Bai ƙarasa ba. Idonsa ya kafe, jikinsa ya sandare, ya fara jijjiga, farantin ya tarwatse a ƙasa. Wannan ta fi ta shago muni. Ihun da na yi ne ya fito da Gwaggo da kumfa a kunne.

A asibiti suka yi masa allura, barci ya ɗauke shi. Likitar ta ce ba sauran jira, gobe da safe za a shiga da shi. Na tare ta a baranda na gaya mata zancen faranti. Ta cire gilashinta ta ce, "Ai na yi muku wannan bayanin tun ranar farko. Idonsa lafiya lau. Ƙarin ne ya danne wajen da ke kula da hagu, sai ƙwaƙwalwar ta daina sanin akwai wani abu a can. Ko murya ya ji daga hagu, a dama zai neme ta. Shi kuma bai san yana rasa komai ba, a wajensa duniya a cike take."

"Bayan tiyata zai dawo daidai?"

"Muna fata. Amma ba zan ɓoye miki ba, aikin babba ne. Zai iya farkawa lafiya, zai iya farkawa ba kamar yadda kika san shi ba. Akwai kuma abin da ba ma fata. In akwai maganar da za a yi da shi, a yi ta kafin a shiga."

Gwaggo tana gefe tana ji. Karon farko a rayuwata da na ga bakinta a rufe.

Har yamma bai farka ba. Mutum ɗaya ake bari ya kwana, Umma ta zauna, mu muka koma gida. Na kira Injiniya, waya a kashe. Na tura saƙo a kan saƙo, ko ɗaya bai shiga ba. Da gari ya waye na yaye zanin da ke kan keken Baba, ban ma san me nake nema ba, ƙanshinsa kawai nake so in ji. A cikin ledar da ke rataye a jikin keken na ga rigar da ya yi wa Injiniya alkawari. Fara ce sol, yadi mai kyau, an ɗinke ta tsaf. Aikin wuyan da zare ruwan toka, irin ƙananan ganyen nan da Baba ba ya yi wa kowa sai wanda yake ji da shi. Ya yi rabin wuyan kamar a lashe don kyau. Daga tsakiya zuwa ɗaya gefen kuwa fili ne, ko huda ɗaya babu. Ya goge ta, ya ninke, ya ajiye. A wajensa ya gama.

Na zura doguwar rigar jiya, na yafa mayafin da hannuna ya fara kaiwa, ko mai ban shafa ba. Na ce wa Gwaggo ta yi gaba zuwa asibiti.

Na sami Injiniya yana buɗe shago, ya rame har wuyan ya ƙara tsawo da gaske. Ya gan ni ya sunkuyar da kai.

"Me ya sami wayarka?"

"Na kashe ne. In tana kunne ba na iya hana kaina kiran ki."

Na warware rigar na shimfiɗa a kan wani mataccen firji. "Duba."

Ya duba. Ya shafa aikin da bayan yatsa don kada ya ɓata.

"Bai ƙarasa ba," in ji shi.

"Ya ƙarasa. Haka yake cin abinci, haka yake aski. Duk abin da ke hagunsa ba ya ganin sa, ba ya sanin yana nan. Kai kuma a ina kake durƙusawa?"

Ya sake duban rigar.

"Ni na juya gadon," ya ce a hankali.

"Ni na kama maka. Bar wannan. Yanzu za a shiga da shi, kuma ya ce ko bayan ransa bai yarda ba. In ya shiga da wannan maganar a bakinsa, ni da kai sai dai a lahira. Sa rigar."

"Yanzu? A haka?"

"Injiniya, wallahi in ka ce min kunya yau sai na fasa maka fankar nan a ka."

Ya sa rigar a kan ta aikinsa. Ko shagon bai tsaya kullewa ba, maƙwabcinsa ya jefa wa makulli.

Hanya ta cushe kamar an san muna sauri. Umma ta kira ta ce ya farka, yana cikin hayyacinsa, yana ta tambaya ina Uwata. Ta sake kira ta ce an zo ɗaukar sa. Muka sauka daga motar hayar da muka shiga muka ƙarasa da gudu, takalmina ɗaya ya tsinke na bar shi a nan.

A doguwar barandar da ke kaiwa ɗakin tiyata muka cim musu. An aske masa kai tas, yana kwance a gado mai taya, wata nas tana tura shi. Barandar a tsuke take, ga benci a jere. Ta damansa Umma na riƙe da hannunsa, Gwaggo na bin ta, tsakaninsu ɗan wurin da bai wuce na mutum ɗaya ba. Ƙofar kuma ga ta can, ana hango ta.

Ban tsaya tunani ba. Na tura Injiniya. "Ta dama! Shiga ta dama, ka ɗaga murya!"

Ni na bi ta hagu na kama hannun Baba. Hannun yana da ɗumi, amma bai riƙe ni ba.

"Baba, ina kwana!" Ban taɓa jin muryar Injiniya da ƙarfi haka ba, har nas ɗin ta waiwayo. "Ni ne. Ya jiki?"

Baba ya zuba masa ido. Ya dubi fuskarsa, ya dubi rigar.

"Sai yau?"

Gwaggo ce ta amsa. "Yana zuwa. Kullum yana zuwa, kai ne ba ka gani. Likita ta faɗa a gabana. Mun ɗauki alhakin yaron nan."

Ban sani ba ko ya fahimta duka. Ya dai saki hannun Umma ya kamo wuyan rigar, ya shafa ganyen da babban yatsa kamar yadda yake yi in zai miƙa wa mai kaya.

"Ta zauna maka. Na ce ni zan ɗinka, ga shi na gama." Ya ja numfashi. "Maganar da na yi na mayar da ita. Na ba ka. Yaya, ki shaida."

"Na shaida," in ji Gwaggo, tana share hanci da bakin mayafi.

Na buɗe baki zan yi magana, sai na ji Baba ya ci gaba.

"Amma ita ba ta zo ba. Fushi take da ni. Tun ranar da na yi mata faɗa ban sake sa ta a ido ba." Hawaye ya gangaro masa ta gefen kunne. "Ka ce wa uwata ta yafe min. Ka ce mata ciwo ne, ba ni ba ne."

"Baba, ga ni! Ga ni nan, ina riƙe da hannunka!"

Ya ji ni. Wallahi ya ji ni, don idonsa ya buɗe sosai. Sai ya juya kansa dama, yana leƙa bayan Umma, yana leƙa bayan Injiniya, yana nema na a jikin bango.

"Uwata?"

Na saki hannun na kwasa zan zagaya ta wajen ƙafarsa. Gadon ya riga ni. Ƙyauren ya buɗe, nas ta tare ni da hannu ta ce, "Nan ne iyakarku." Abin da na gani na ƙarshe ƙeyarsa ce, a aske, kansa a juye yana nema na a inda ba na nan.

Umma tana kan benci tana jan carbi. Injiniya yana tsugune a ƙasa da rigar angoncinsa mai rabin wuya, ya kasa ɗago kai. An ba ni shi, abin da na yi ta kuka a kai ya samu, amma ko kallon sa na kasa yi. Da na san haka zancen zai kasance, da wa zan tura wannan gefen, shi ko ni? Na tambayi kaina har na gaji.

Ɗazu wata nas ta fito, na tare ta na ce in an gama ta wace ƙofa ake fito da su, kuma kai ne ke fara fitowa ko ƙafa. Ta dube ni kamar ta ga taɓaɓɓiya, amma ta gaya min. Na auna inda damansa zai faɗo, na zo na tsaya a wurin, daf da ƙyauren, ƙafata ɗaya ba takalmi. Umma ta ce in zo in zauna, aikin zai daɗe. Na ce mata a'a, kada wani ya tsaya min a nan.